Busassun Sandunan Don Anselmo

Gidaje ɗari da arba'in ne a unguwarmu da ke bayan garin Tucson, kuma duk fentinsu ɗaya, ruwan ƙasa. Ƙofa iri ɗaya, taga iri ɗaya, hatta akwatin wasiƙa ba a yarda ya bambanta da na maƙwabci ba. Kwamitin unguwa ne ya tsara haka, kuma ba ya wasa. Kwandon shararka ya wuni a waje sai takarda ta biyo ka. Mu da ƙwaƙwalwarmu ke garau ma mukan soka mukulli a ƙofar wani, balle Doña Herminia.

Mijinta, Don Anselmo Bejarano, a wani ƙauye na Sonora aka haife shi, can ƙetaren iyaka. Ya yi kiwon shanu yana saurayi, daga baya ya ƙetaro ya shafe shekara talatin da takwas yana ba ciyawar filin wasan masu hali ruwa a tsakiyar hamada. Aikin bai taɓa kwanta masa a rai ba, amma bai taɓa makara ba. Mutum ne marar yawan magana, kullum da malfarsa a ka. Herminia ce ke magana a madadinsu su biyun, kuma takan yi har da ƙari. Da girma ya kama su, 'yarsu Noemí ta dawo da su unguwar nan don su kasance kusa da ita.

A nan ne mantuwa ta fara cin Herminia. Ta manta inda gishiri yake, ta manta sunayen jikoki, amma ba ta manta tattakin safe ba. Kullum sai ta zagaya unguwa. Fitar ba wuya, dawowar ce matsala, don duk ƙofar da ta kalla kamar tata ce kuma kamar ba tata ba. Wata rana cikin watan Yuni aka tsince ta zaune a dakalin wasu mutane da tsakar rana, leɓunanta sun bushe. Wanda ya san zafin garinmu ya san ba a yi masa haka sau biyu.

Anselmo ya gwada kulle ƙofa. Ta zauna a bayanta tana kuka, shi ma ya zauna ya taya ta, ya rantse ba zai sake ba. Ya ɗaura jan ƙyalle a akwatin wasiƙa, takarda ta zo. Ya ajiye shuɗiyar tukunya a bakin ƙofa, wata takardar ta zo. Noemí ta ce a gaya wa kwamiti gaskiya kawai.

"A'a," in ji shi. "Uwarki ba abin nunawa ba ce. Ba za a riƙa gaishe ta da muryar da ake yi wa jarirai ba."

Sai ya koma bin ta a baya kowace safiya, daga nesa, yana yi kamar shi ma iska ya fito sha. Gwiwarsa ta dama kuwa ta daɗe da yi masa tawaye.

Ana cikin haka kwamiti ya ce ruwa ya yi ƙaranci, kowa ya tuge ciyawar ƙofar gidansa ya zuba tsakuwa, ya zaɓi shuke-shuken hamada daga cikin guda ashirin da aka lissafa. Noemí ta zo da takardar tana karanta masa, shi kuwa yana kurɓar kofi yana taɓe baki.

"Wannan mai furen ɗorawa fa, Baba? Kowa shi yake saye."

"Shi ya sa ba na so."

"To wannan mai kama da ganga?"

"Jikokina su faɗa kansa ki ce ni ne."

"Kai dai Baba ba a iya maka. Saura okotiyo, shi kuma wa zai so tsiyar nan a ƙofarsa?"

Ya ajiye kofin. "Sake faɗa."

Noemí tana da gaskiya, okotiyo ba abin ado ba ne. Dogayen sanduna ne masu ƙaya, kamar an ɗaure bulalai an soka a ƙasa. Amma a ƙauyen su Herminia da shi ake shinge, a jera sandunan a ɗaure da waya, in ruwa ya sauka shingen ya yi ganye. Dokar unguwa ta hana shinge a gaban gida, sai dai ba ta faɗi tazarar da za a bari tsakanin shuka da shuka ba. Anselmo ya sayo guda huɗu, ya jera su kafaɗa da kafaɗa a bakin hanyar shiga. Kowace safiya yakan fesa wa sandunan ruwa daga sama, maƙwabta suna leƙe suna cewa tsoho ya fara wanke itacen girki.

A mako na biyu, yana biye da ita, ya ga Herminia ta iso jerin sandunan ta rage tafiya. Ta tsaya, ta dube su, ta karkata ta shiga gida da kanta. Anselmo ya jingina da sandar fitilar titi yana kallon ƙofar da ta shiga. Washegari ma haka, jibi ma haka.

Bayan wata uku sai takarda ta uku ta zo. Doka ta ce shukar da ta mutu a tuge ta cikin kwana talatin, nasa kuwa ko ganye ɗaya babu. Okotiyo in an dasa shi yakan yi shekara yana kwance kamar gawa kafin ya motsa, amma waɗanda suka sa shi a lissafi a hoto kawai suka san shi.

Ran da wa'adi ya cika, Misis Pruitt, shugabar kwamiti, ta iso da allon takardunta. Tsohuwar malamar makaranta ce daga jihohin sanyi, ba muguwa ba ce, doka ce dai ta ɗauka kamar addini. Ta zo daidai lokacin da Herminia ta fita tattaki ta sha kwana, Anselmo na shirin mara mata baya.

"Mista Bejarano, minti biyu kawai. Waɗannan sun mutu."

"Barci suke yi, Misis."

"Wata huɗu? Ko mijina bai kai su ba."

Ya zaro 'yar wuƙarsa ya kankare bayan sanda ɗaya. Busasshe ƙayau. Ya kankare ta biyu, sai ga ɗanyen kore shar a ƙarƙashin ɓawon.

Ta sunkuya ta gyara tabarau. "Na gani. Amma mutane suna ƙorafi, kuma a ido wannan shinge ne. Ka ba ni dalili ɗaya da zan kai musu. Me ya hana ka shuka abin da kowa ya shuka?"

Dalilin yana bakinsa, amma ya ƙi fita. Idonsa na kan kwanar titi, yana lissafin yadda Herminia ta yi nisa ba kowa a bayanta, rana kuma ta fara ɗagawa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban bijimi.

Can sai ga ta ta ɓullo ta ɗaya ɓangaren. Tana tafe tana duba ƙofofi, ta nufi wata ta fasa, ta nufi wata ta ja da baya, tana murza bakin rigarta. Anselmo ya ɗaga ƙafa zai tare ta, sai ya daure ya tsaya. Misis Pruitt ta bi idonsa da kallo.

Herminia ta hango sandunan. Kafaɗunta suka sauka, tafiyarta ta miƙe. Ta iso ta sa yatsa tsakanin ƙayoyin ta shafa ɗaya, sannan ta dubi shugabar kwamiti sama da ƙasa.

"'Yan mata, matsa mana, kin tare ƙofar mutane."

Misis Pruitt ta matsa ba musu. Ta dubi tsohuwar, ta dubi tsohon, ta zare takardar daga allon ta ninke ta cusa a jaka. "Suna da rai," ta ce a hankali. "Ni zan yi magana da sauran."

Anselmo bai ma ji ta ba, don matarsa ta juyo kansa tana harararsa ƙasa-ƙasa.

"Kai kuma Chemo, ba ka da kunya? Da rana tsaka kake tsaye a shingenmu? Babana yana ciki fa."

Chemo shi ne sunan da take kiransa tun suna saurayi da budurwa, kuma wata biyar ke nan rabon da ta kira sunansa. Ya cire malfa ya riƙe a ƙirji.

"Ai shi na zo gani, Minia. Na zo in roƙe shi ya ba ni ke."

"Sai yau ka ga dama?" Ta miƙa hannu ta gyara masa wuyan riga. "To ka yi magana da ƙarfi, kar ka tsaya kana kallon ƙasa ka kunyata ni."

Ta kama hannun rigarsa ta ja shi ciki, shi kuma yana biye yana ɗingishi.