Ramuka Huɗu a Cikin Babana

Har yau idan na ji wani yana yabon tiyatar zamani, irin wadda ake yi ba tare da an farke cikin mutum ba, sai in ji raina ya ɓaci. Na san ta ceci mutane, ba na musu. Amma duk mai son ya yabe ta ya je can ya yi, kada ya yi a gabana.

Babana manomi ne a wani ƙauye kusa da Itas. Ni ce babbar 'yarsa, ina aure a Azare, ina koyarwa a firamare. Ya daɗe yana fama da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, musamman in ya ci tuwo da man shanu, amma shi irin mutanen nan ne da ko garwashi suka taka ba za su ce wash ba. Inna ce ta tona masa asiri ta waya. Na matsa aka kawo shi wani asibiti a Azare, aka yi hoton cikin, aka ce duwatsu ne suka cika masa matsarmama, sai an cire ta.

Wanda ya rako shi ƙanensa ne, Baffa. Dole in tsaya a kan Baffa kaɗan. Shekarun baya an taɓa yi masa aiki a ciki, aka bar masa tabo tun daga saman cibiya har mara, kamar bakin buhun da aka ɗinke da sauri. Damina guda ya yi a kwance, ana kai masa farfesun kaza da kindirmo. Babana ne ya bi gida gida ya kira gayya aka nome masa gona. Tun daga lokacin Baffa ya zama likitan ƙauye. Ko ƙurji ya fito wa mutum, sai ya ɗaga riga ya ba da labarin ranar da aka yanka shi.

Likitan da zai yi wa Baba aiki matashi ne, tsaf-tsaf, yana magana yana murmushi. Kana ganinsa ka san yana son na'urarsa fiye da yadda yake son mu. Ya ce ba za a yanka ba. Za a huda ƙananan ramuka huɗu, a hura cikin da iska, a zura wata 'yar kyamara ta cibiya, shi kuma yana kallon allo yana aiki da wasu dogayen ƙarafa ta sauran ramukan.

"Baba, yau a yi, gobe ka taka da ƙafarka," in ji shi. "Kamar ba a yi komai ba."

Ya sake maimaitawa yana kallon Baffa, don ya ga ya yi tsaki. "Wallahi Malam, kamar ba a yi komai ba."

Aikin ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. A asibitocinmu in an gama tiyata akan fito wa dangi da abin da aka cire a cikin kwano, su gani da idonsu, su yi salati. Mu wata 'yar kwalba aka miƙo mana, da tsakuwoyi a ciki. Baffa ya karɓa, ya girgiza ta a kusa da kunnensa.

"Wannan ai ko a shinkafar kasuwa ana samu," ya ce.

Likita ya yi dariya, ya buɗe waya ya nuna masa hoton aikin yana motsi, jan nama da ƙarafa suna tsinkar wani abu. Baffa ya kalla na ɗan lokaci, ya mayar masa. Ya ce shi ya sha feɗe rago, kuma haka cikin kowane rago yake.

Ranar da aka sallame mu, ina naɗe tabarma a baranda, wata nas ta tsayar da ni. Da sauri take magana, don ana kiranta a wani ɗakin. Ta ce ya riƙa ɗan tattaki kullum, kada ya kwanta kawai, amma kada ya kuskura ya ɗauki abu mai nauyi sai bayan wata biyu, domin ramukan a waje ne suke ƙanana, a ciki nama bai haɗe ba. Ni kaɗai na ji wannan magana. Baba da Baffa sun riga sun shiga mota.

Na bi su ƙauye don lokacin muna hutun makaranta. 'Yan dubiya suka fara zuwa tun ranar. Ina kai ruwa zaure na tarar da dattawa sun cika shi, Baffa a tsakiya yana ba da labari. Kafin in juya ya kama taguwar Baba ya ɗaga. Filasta huɗu ne, kowace ba ta fi kan ɗan yatsa ba. Sai wani ya ce, "Shi ke nan?" Wani ya ce ƙahon da wanzami ya yi masa bara ya fi wannan zubar da jini. Aka fashe da dariya. Baffa kuwa dama abin da yake jira ke nan, ya kwaye tasa rigar.

"Ga aiki," ya ce yana bin tabon da yatsa. "Wannan shi ake kira aiki. Yaya dai an kai shi birni an yi masa allura huɗu."

Baba ya yi dariya tare da su. Na san wannan dariyar, ita yake yi in an taya sansa da arha a kasuwa. Na ajiye kwanon ruwan da ƙarfi har ya fantsama a tabarma, na fita.

Baba ya bi umarnin tattakin, don ni na gaya masa. Yana zuwa masallaci a hankali, ya dawo a hankali, hannunsa ɗaya a kan ciki in ba mai kallo. Mutane kuwa tafiyar suka gani. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta shigo da kaza a hammata za ta ba Inna, ta tarar da shi a tsaye a ƙofar gida yana gaisawa da mutane. Ta yi masa sannu, ta shiga ta gaisa da Inna, ta fito da kazarta yadda ta shigo da ita. Ba kazar ce ta dame ni ba, muna da kaji. Rashin kunyar ce.

Sai gero ya nuna. A ƙauyenmu in ciwo ya kwantar da magidanci a lokacin aikin gona, ɗan'uwansa na kusa ne yake kiran gayya. Shi mai gonar ba ya buɗe baki ya roƙa, abin kunya ne. Na zuba ido in ga Baffa ya motsa, shiru. Da na gaji na same shi a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini.

"Baffa, geron Baba ya isa yanka."

"Na gani, Malama." Haka yake kirana in yana son ya tsokane ni.

"Ba a yi maganar gayya ba."

"Gayya ta wanda ya kwanta ce. Mutumin da yake sahun gaba kullum, in je in ce wa jama'a me? Su bar nasu geron tsuntsu ya ci, su zo su yi wa mai lafiya?"

"Baffa, an cire masa abu a ciki. A asibiti an ce kada ya ɗauki kaya."

"An cire ta ina?" Ya buɗe hannuwa. "Ni da kunnena na ji likitanku ya ce kamar ba a yi komai ba. Har rantsuwa ya yi. Ko kin fi shi sani?"

Da ba ƙanen ubana ba ne, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na tashi ban yi masa sallama ba, kuma har yau ban yi nadamar hakan ba.

Na nemo 'yan ƙwadago daga ƙauyen gaba. Baba bai so ba, ya ce za a ce 'yarsa ce take noma masa, amma bai hana ba. Kafin in koma Azare na zauna a gabansa na maimaita masa maganar nas ɗin kalma kalma. Ya ce, "Na ji, uwata." Na sa Inna ta yi mini alkawarin za ta sa masa ido, kamar akwai ranar da ta taɓa iya hana shi abin da ya yi niyya.

Sauran labarin daga bakin Inna na ji. 'Yan ƙwadagon sun yanke, sun ɗaure dammuna, ana lodi a amalanken shanu, Baba yana zaune a inuwa yana kallo. Gonar a bakin hanya take. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga murya: "Sannu da hutawa, mai jinya!" Wani ya ce, "Allah ya ba mu irin ciwonka!" Baffa ma ya biyo da jakinsa, ya tambaye shi ko a kawo masa matashi. Wasa suke yi, in ji Inna, ba da mugunta ba. Ni ban ga bambancin ba. Baba ya miƙe, ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya sunkuci dami ya ɗora. Aka yi masa kirari. Ya ƙara wani. Haka ya yi ta yi har aka kwashe gonar.

Bayan 'yan kwanaki cibiyarsa ta kumbura, ya ɓoye. Ya daina cin abinci, ya ce zafin gari ne. Sai da ya fara amai mai wari, ya kasa miƙewa, sannan aka sa shi a mota. Ina cikin aji da rana tsaka aka kira ni.

Likitan nan ne dai, amma yau babu murmushi. Ya ce hanji ne ya kutsa ta ramin cibiya, ya maƙale, jini ya daina kai masa. Dole a buɗe cikin yanzu yanzu. Sannan ya dube ni kamar ni ce yarinyar da ba ta yi aikin gida ba.

"Hajiya, ba a gaya masa kada ya ɗauki kaya ba?"

"An gaya mini ni, a baranda, ina naɗe tabarma," na ce. "Shi da ɗan'uwansa abin da suka ji daga bakinka shi ne kamar ba a yi komai ba. Ka san inda za ka tura shi? Ka taɓa tambayar me yake yi da cikin nan in ya koma gida?"

Muryata ta tashi har mutane suka juyo. Ya wuce ciki, kuma gara da ya wuce, don aiki ne a gabansa.

Sun daɗe. Da suka gama aka fito da guntun hanjin da ya mutu, baƙi ƙirin. Baffa ya leƙa, ya yi salati, ya ja da baya. Nan take ya ciro waya ya fara kiran ƙauye, wai Yaya yana kwance rai a hannun Allah, gobe kowa ya fito a cire masa wake da dawa. Sun fito kuwa, aka ce har da masu ganga. Baba bai sake riƙe fartanya ba tun daga wannan shekarar. Ya rame, abinci kaɗan yake iya ci, gonar tana hannun masu haya.

Da ya farfaɗo ni aka fara bari na shiga. Ga robar hanci, ga ƙarin ruwa, leɓunansa sun bushe sun tsage. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya.

"Sun yanka?"

"Sun yanka, Baba."

"Da yawa?"

Na gwada masa a jikina, daga ƙasan ƙirji har ƙasan cibiya.

"Baffanki ya gani?"

"Ya gani."

Ya lumshe ido, fuskarsa ta saki. "Alhamdu lillahi," ya ce.

Na fito baranda don kada ya ga fuskata. Baffa yana zaune a benci da carbi a hannu, idanunsa sun yi ja. Da ya gan ni ya matsa gefe ya ba ni wuri. Ban zauna ba.