Darasin Alhamis na Malam Lawal

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya karɓi ran ƙanena, Malam Lawal, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare kusa da shingen iyakar Jibiya. Ni tsohon magatakardan kotu ne, ban saba doguwar magana ba. Amma wani al'amari ya taso a makarantar da ya bari, wanda ba zan iya yin shiru a kansa ba.

Marigayi yana da wata al'ada. Kowace Alhamis yakan jera ɗalibansa su taka har inda manyan motocin Maraɗi ke jiran a duba takardunsu. Kowa ya nuna abu guda, ya koyi sunansa da Turanci, ya gina jimla a kansa, sa'an nan ya kamanta shi da wani abu. Sharaɗin ɗaya ne: ba a yin kamance sai da abin da ido ya taɓa gani.

Na san mafarin wannan sharaɗi. Wata rana ya shigo mini da takardun ɗalibai, yawancinsu sun rubuta cewa rawanin limamin tasha fari ne kamar dusar ƙanƙara.

"Yaya, tsakanin Gangara da Bugaje, wa ya taɓa ganin dusar ƙanƙara?"

Na ce masa ai haka littafi ya ce.

"Mai littafin ya faɗi abin da ya gani a ƙasarsu. Mu kuwa mun sa yara suna shaidar zur."

A lokacin, 'ya'yan direbobin da suka zo daga Maraɗi a bayan aji suke zama, don an yanke cewa bakin da ya saba da Faransanci ba zai iya Turanci ba. A bakin shingen nan su ne suka zama na gaba, domin babu ƙarfen jikin mota da ba su sani ba. Direbobi kan yi wa Lawal ba'a, musamman wani mai suna Iro, wanda da ya hango shi sai ya ce, "Mushe, yau kuma da mi za a kamanta mu?" Mushe dai shi ne malami a bakin mutanen Nijar. Ɗiyar Iron nan, Rabi, ita ce ta rubuta cewa motar ubanta tana nishi kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya. Yau Malama Rabi ce ke riƙe da ajin marigayi.

A farkon zangon nan sabon shugaban makarantar ya hana fitar. Ya ce hanya ba ta da aminci kamar da, ga jarrabawa ta matso. Ya ba Malama Rabi jerin kamance bugagge a haddace, ya kuma gargaɗe ta cewa in ta sake fita da yara, za a karɓe ajin daga hannunta. Ban ga laifinsa a kan tsoron ba; duk mazaunin ƙasar nan ya san dalili. Na daɗe ina tambayar kaina abin da Lawal zai yi da yana raye. Na tabbata ba zai yi kasada da ran ɗan kowa ba, kuma ba zai yarda a mai da yara ga haddar abin da ba su gani ba.

Na sa babbar riga na tafi wurin shugaban.

"Baba, ni ma akwai na sama da ni," in ji shi.

"Na ji, ɗana. Sun hana yara fita. Sun hana mota shigowa?"

Ya ce ya ba mu zuwa ƙarshen zango. In ɗaliban suka gaza a jarrabawa, maganar karɓe aji tana nan.

Daga can na wuce tasha. Iro ya tsufa, ya bar tuƙi, amma har yanzu ana jin maganarsa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai da ba ka gaida direba sai a kotu, yau kai ne da roƙon mota?" Na haɗiye, domin gaskiya ya faɗa. Alhamis ɗin da ta wuce wata motar albasa ta shigo filin makarantar da 'yan dako biyu a kanta, ɗalibai suka kewaye ta da littattafansu.

Lawal bai bar littafi da sunansa ba, ba a kuma sa sunansa a ƙofar wani aji ba. Abin da ya rage nasa shi ne malama guda da ta ƙi sakin hanyarsa, da tsofaffi biyu da suka ɗaure mata gindi. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Jibi Alhamis ce. Wani direban tanka ya yi mini alkawari. In ya saɓa, na riga na yi magana da wani mai amalanken shanu daga Mazanya.