Sandunan Desmond Pyle

Da zarar sanyi ya fara sassautawa, tun kafin motar madara ta wuce, za ka ga Desmond Pyle ya fito daga kurmin bayan coci da damin sanduna a kafaɗa. Kowace ƙofa ya jingine takwas ko goma, ba ya ƙwanƙwasawa, ba ya jiran godiya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka, domin waken ƙamshi, wannan da muke shukawa don furensa kawai, in bai sami abin hawa ba ƙasa yake bi ya ruɓe. Mu kuwa sabo ya sa har muna zaton sandunan da ƙafarsu suke zuwa.

A tambayi Enid Harker. Mijinta Cliff ya rasu ya bar mata irin waken ƙamshin da ya yi shekaru yana zaɓa, cikin ambulan guda. Ta shuka duka, tara kacal suka fito. In suka mutu, irin Cliff ya ƙare a duniya. Tsoro ya sa ta ɗaure kowanne tam da waya a jikin sanda.

Desmond ya leƙo ta kan shinge.

"Enid, shuka ce wannan ko ɓarawo kika kama?"

"Kai dai wuce da gwiwarka mai ƙara. Na Cliff ne, ba zan bari iska ta karya su ba."

"Ai kin riga iska. Duba nan, wayar ta fara ci."

Ta duba, ashe biyu sun riga sun yanke. Ta zauna kan bokiti ta fashe da kuka. Bai tsaya ba ta baki ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya kwance sauran bakwai, ya sake ɗaure su da igiya mai laushi, sako-sako, yadda ɗan yatsa zai shiga.

"Gobe zai yi kauri," in ji shi. "Ki bar masa wuri."

Kowace Laraba yana dawowa ya ƙara ɗauri ɗaya a sama, har suka wuce tsawonsa. Iskar Yuni ta kwantar da shingen maƙwabta, bakwai ɗin suka yi rangaji suka miƙe. Da kaka Enid ta ɓare kwanso har ta cika kwano, ta bi gida-gida tana rabawa.

Kai ne wannan, Desmond, gwanin ɗauri. Ba ka taɓa kai furenka gasa ba, amma rabin furannin da suka ci kyauta a kan sandunanka suka hau. Ina jin kunya da sai bana, da likita ya hana ka shiga kurmi, muka tuna da faɗin mun gode. To mun gode.

Irin Cliff ya tsiro a lambu goma sha biyu, kowanne yana neman abin kamawa. Ranar Asabar Enid za ta shiga kurmi saro sanduna, da shekarunta saba'in da uku. Duk mai adda ya waso ta ya biyo Enid.