Ban Gama Ba

A gidanmu, ƙanwar babana tana da sunan da ba a faɗa a gabanta: Rabin Zance. Kakarmu ce ta gaya mini asalinsa. Tun Goggo tana ƙarama take da in'ina, kalma ta maƙale mata kamar ƙayar kifi, kafin ta fito da ita wani ya riga ya ƙarasa mata. In ta ce "Ina son ru...", sai a ce "ruwa", a miƙo mata kofi, alhali rubutu take son yi. Kaka ta ce babu yaron da ya sha ruwan da bai nema ba kamar Goggo. In aka yi hutu baƙi suka cika gida, kicin ake tura ta wanke kofuna, don kada ta tsaya gaisuwa ta ɓata wa mutane lokaci.

Yau shekararta goma sha tara tana aikin gyara wa yara masu in'ina magana a wata firamare. Ajin nata tsohon sito ne a bayan ofis, taga ɗaya, benci biyu, sai madubin da ta ciro daga ɗakinta don yara su ga bakinsu. Yara bakwai take gani, Talata da Alhamis. Har yanzu harshenta yakan sarƙe, musamman in ranta ya ɓaci.

In hutun ƙarshen shekara ya matso, sai ta ajiye katunan haruffa ta fara wasan baƙi, don ta san abin da ke jiran yaran a gida. Ta yanka ƙofa a jikin kwalin firji ta shafa mata shuɗin fenti. Wani ya ƙwanƙwasa, wani ya buɗe. A gaisa, a tambayi mutanen gida, a karɓi tsaraba, wadda kwalin sabulu ne kawai a naɗe da jarida, a yi godiya ko da ba a so abin ba. Ita kuma Goggo ta sa tabarau marar gilashi ta zama baƙuwa mai gaggawa, tana ƙarasa musu magana ba daidai ba. Aikin yaro shi ne ya ɗaga tafin hannu, ya dube ta, ya ce, "A yi haƙuri, ban gama ba."

Wannan jimlar ce ta jawo mata. Wani yaro ya faɗa wa kakansa ita a gaban mutane, uban ya zo makaranta yana huci. Hedimasta ya kira Goggo ya ce an ɗauke ta gyaran baki ne, ba koyar da rashin kunya ba. Ko ta cire jimlar daga wasan, ko bayan hutu ɗakin ya koma sito, ita kuma a ba ta 'yan aji biyu ta koyar, yaran su watse cikin sauran. Ta buɗe baki za ta yi bayani, ta maƙale, ya ƙarasa mata, ya ce ai ya gane ta amince. Ba ta amince ba. Ta tsaya a bakin teburinsa har ta fito da maganarta: ya zo ranar rufe makaranta ya ga wasan da idonsa, sannan ya yanke hukunci.

Babana ya ba ta baki, ya ce jimla ɗaya ba ta kai a rasa aji a kanta ba, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ta dube shi ta ce, "Yaya, shekara nawa kuka yi kuna ba ni ruwa?"

Ranar rufewa na je. Iyaye sun cika sito har bakin ƙofa. Hedimasta ya ce shi da kansa zai zama baƙon, ya ga yaron da zai iya ɗaga masa hannu. Mai masauki ita ce Auta, 'yar aji uku, wadda a farkon shekara ko sunanta ba ta faɗa sai dai ta nuna bangon littafinta. Uwarta ta damƙe jaka a ƙirji kamar za a ƙwace.

Hedimasta ya ƙwanƙwasa kwali, Auta ta buɗe, suka gaisa lafiya lau. Ya miƙa mata tsaraba, ta karɓa da hannu biyu.

"Na go... na go..."

"Gode," in ji shi. "Madalla, yarinyar kirki."

Auta ta saci kallon Goggo. Goggo ta kafe idonta a kan madubi, ko gira ba ta motsa ba. Sai ƙaramin hannun Auta ya tashi.

"A yi haƙuri, Malam, ban gama ba."

Ta ja numfashi yadda aka koya mata.

"Na go... goge maka kujera. Ka zauna."

Duka muka juya. Ga kujerar nan ita kaɗai tana ƙyalli a cikin ƙura, ga bakin rigar Auta ya yi baƙi. Wani uba ya tuntsire da dariya, matarsa ta zungure shi. Hedimasta ya ɗan jima a tsaye, sannan ya zauna. Daga nan Auta ta yi godiyarta, ta ɗauki lokacinta, babu wanda ya sa mata baki.

Bai ce ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Ya ce zai duba. Da aka dawo hutu ɗakin yana nan, sai dai ya sa an jibga karyayyun kujeru ashirin a kusurwa, wai babu wurin ajiya. Goggo ta jera su, ta ɗaura wa kowacce ƙyalle, ta ce wa yara ga baƙi sun ƙaru. Jimlar kuwa ta rubuta ta da alli a saman ƙofar kwali.

A hutun nan ne Kaka ta yi suɓutar baki ta kira ta Rabin Zance a gaban kowa. Goggo ta ajiye tiren da ke hannunta, ta ce, "Inna, zancen cikakke ne. Ku ne kuke tashi a ra..." Ta maƙale. Na ga bakin babana ya motsa, sai ya sa hannu ya toshe shi. Muka jira.