Baba Mai Tef da Layin da Ya Ratsa Ɗakin Inna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga wata, bayan la'asar, aka aiko mana cewa Baba Mai Tef ya rasu. Ina kan keken ɗinki na ji.

Baba, kai ka auna kusan kowane fili a layinmu. Dillalai suna zuba Turanci, wannan fifti bai handired, wancan haf fulot, na bayan gari eka biyu, kai kuwa sai ka ce, "Na ji. A taka a gani." Ba ka yarda ɗan aike ya riƙe maka tef ba. Mai saye da mai sayarwa su kake miƙa wa baki biyun, kowa ya ja da hannunsa.

Ban yi nisa a makaranta ba, amma na ga abin da ka yi a gidanmu. Bayan rasuwar mahaifinmu, Yaya, wanda direba ne, ya dage sai an sayar da rabin gida, dillali kuma ya samo mai son haf fulot. A baki abin ba wuya. Inna kuwa ta daina cin abinci.

Da ka zo, ka ba Yaya baki ɗaya, ka ba ni ɗaya. Layin ya bi ta tsakar gida, ya shiga ƙofar Inna, ya nufi taga. Tana zaune a bakin gado, ta yunƙura za ta ba mu wuri.

Ka ce, "Yi zamanki, Hajiya. Ja, Direba, ai mota ma ka ja."

Yaya ya ja. Tef ya kwanta a kan gwiwoyinta.

Ka ce, "To, ga haf ɗinka. Wace ƙafar ce ta mai saye?"

Yaya ya fita bai yi sallama ba. Ka ce za ka dawo Asabar a ƙarasa. Ba ka kai ba.

Tun daga nan ni da Yaya ko gaisuwa babu. A zaman makokinka dillali ya raɓo kusa da shi, yana raɗa cewa mai saye ya gaji da jira. Na sunkuyar da kai ina saurare. Yaya ya ce filin baya kaɗai zai sayar, daga bangon Inna zuwa katanga.

Dillali ya ce, "Nawa bai nawa ke nan?"

"Ba shi da suna. In ba ya so, ya bari."

Inna ta ci abinci a ranar.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe kurakuranka, ya yalwata makwancinka. Ga iyalinka, musamman matarka Umma da ƙananan yaran, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku yadda Baba ya tsaya mana.