Katun ɗin Hafsa da Sauran Cajin Wayata

Aikin farko yau: kai waya caji. Na tarar mai shagon bai buɗe ba.

Tun jiya da la'asar lambar babban yarona ba ta shiga. Ya tafi Kasuwan Garba sayen masara, kun kuwa san halin hanyar nan da 'yan bindiga. Wayata ce kaɗai a gidan, cajinta ya yi ja, ga shi babu wuta.

Na dawo gida na ajiye ta, ina fitowa daga kicin na ga ƙanwarsa Hafsa tana kallon katun ɗin nan na Japan da ita. Na fizge.

"Yayanki ya kira ya ji ta a kashe, saboda zane?"

Ta sunkuyar da kai. "Umma, wata mata ce. Yaron da ta raina ya shiga dajin dodanni, an ce ba a fitowa. Ita ko kullum sai ta zuba abincinsa ta rufe. So nake in ga ko ya dawo."

Ni jiya da na raba tuwo, tsallake kwanon yarona na yi. Har yanzu ban san dalili ba.

Ban mayar mata da wayar ba, amma na zuba masa nasa na rufe.

Har yanzu dai bai kira ba. Iyaye mata, ko na tsananta mata? Ku sa mu a addu'a.

Gobe, in Allah ya kai mu:
- tasha, in tambayi direbobin hanyar
- in rarrashi Hafsa
- ƙarshen katun ɗin, amma sai yayanta na zaune tare da mu