Yafiyar Jinin Yaya Sale

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ina tsoron in ɗora wa mai rai abin da bai yi ba, ko in tauye wa mamaci haƙƙinsa.

Ranar Talata ce, da rani. Bayan sallar asuba ni da yayana Sale muka tafi gonarmu ta tumatir, can ƙarshen kanal, magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Ranar mu ke da ruwa. Muka tarar kanal a bushe. Manoman sama sun toshe shi da buhunan yashi. Yaya ya shiga ya janye buhu ɗaya. Ruwa ya taho.

Da hantsi muka ji ƙarar babura, sai ihu: "Ku tare su!" Ɗanlami, ɗaya daga manoman sama, shi ne a gaba, da fartanya. Tare muka yi firamare. Sau ɗaya ya ɗaga ta, ya sauke a kan Yaya. Ban ji muryar Yaya ba. Gudun ruwa kawai na ji.

Na kutsa cikin alkama. Kafin azahar hayaƙi ya turnuƙe unguwarmu. Hajara matar Yaya ta goya jaririyarsu Sa'ade, ta bi danginta makiyaya suka yi kudu da shanu. Ni na isa Kumbotso da magariba, ba takalmi. Ba a kama kowa ba.

Yau Ɗanlami ya yi furfura. Shi ke haƙa kabari a garinsu kyauta, shi ke sasanta rigimar ruwa. Bana zai tafi Hajji, yana bi gida-gida neman yafiya kamar yadda aka saba. Ya durƙusa a zaurena ya ce, "Malam Idi, ni ne. Ko kotu ka ce, zan je."

Na nemi shawarar mutane. Wasu sun ce ya tuba, a ƙyale shi. Wasu sun ce tuba ba ta wanke jini. Limaminmu ya ce Sa'ade ma tana da haƙƙi. Ta yaya zan yafe abin da ba nawa ni kaɗai ba? In kuma na ƙi, ya mutu a can fa?

Don Allah, wanda ya san inda Hajara ko Sa'ade suke, ya bar saƙo wajen masu tumatir a kasuwar Bunkure, a ce Idi ƙanin Sale. In Sa'ade tana raye, yanzu ta haura shekarun ubanta lokacin da aka kashe shi. Ko hotonsa bai tsira daga wutar ba.